Karusaina da Gyambon Baba

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, Sista Beatrice ta biyo mu har ɗakinsa. Ma'aikaciyar jinya ce, ƙofar gidansu na kallon tamu a nan Tudun Wada, kuma ta san ni tun ina yawo ba wando. Da muka kwantar da shi, sai ta ja ni gefe.

"Sharfaddeen, kalle ni nan," ta ce. "Ɓarin jikin Malam na dama ya shanye, ba zai iya motsawa da kansa ba. Duk bayan awa biyu a juya shi. In ya jiƙe a sauya masa nan take, a goge jikin ya bushe, a shafa mai. In ka bar shi a gefe guda fatar za ta buɗe, in kuwa ta buɗe, kafin ta rufe sai mun ji jiki. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Har da gyaɗa kai irin na ɗan kirki.

Ba wanda zai yi aikin sai ni. Baba mutum ne mai jiki, Inna kuwa ciwon gwiwa ya zaunar da ita, da ƙyar take tashi daga tabarma ta kai masa kunu. Mu biyu suka haifa, ni da ƙanwata Bahijja, kuma Baba, Malam Isiyaku tela, ba zai taɓa yarda 'yarsa ta ga tsiraicinsa ba ko za a yanka shi. Ga ni na gama karatu shekara uku ba aiki, ina gida safe da rana. Kowa ya ce ai Allah ya rufa asiri da akwai namiji a gidan.

Abin da ba su sani ba, ni a lokacin Janar ne. Haka ake kirana a gem ɗin da muke bugawa a kwamfuta, na yaƙin mutanen da can, zamanin mashi da kibiya. Ta intanet ake karawa da mutane masu rai, biyu da biyu. Abokina Mujahid, ɗalibi a harabar jami'a ta Kongo a nan garinmu, shi yake riƙe dakarun ƙasa, ni kuma karusai, wato kekunan yaƙi waɗanda dawaki biyu ke ja, mutum ɗaya riƙe da linzami, ɗaya yana harbi. Ba yabon kai ba, a duk waɗanda muke bugawa da su babu wanda ya iya karusa kamar ni. Har darasi nake ba yara a waya.

Nakan ce musu ba a kai karusa gaban masu mashi, ba a shigar da ita kurmi ko fadama. Ɓoye ta ake a gefe, inda ƙasa take a shimfiɗe, a jira dakarun ƙasa su sarƙe da juna, sannan a zagayo a faɗa wa maharba ta baya. Babban abin da ba sa ganewa shi ne, in ka shiga kada ka tsaya. Ratsawa ake a fita ta wancan gefen, a yi kwana mai faɗi a sake dawowa. Karusar da ta tsaya sakan biyar a tsakiyar mutane ta zama itacen girki. Saboda haka mai karusa ba ya ɗauke hannu, ba ya ɗauke ido. Yaƙi ɗaya minti arba'in ne, ba a dakatar da shi, in ka tashi ka kashe abokinka kuma matsayinka ya faɗi.

Makon farko na yi abin kirki. Na sa ƙararrawa a waya, tana kaɗawa ina tashi. A mako na biyu sai ƙararrawar ta fara samun karusaina a tsakiyar fili, in kashe ta in ce bari in gama wannan. In na gama wannan kuma an ci mu, ai dole a rama.

Ni ne ɗan fari, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Kunyar iyaye ce, kowa ya san ta. Da yana da lafiya "kai" yake cewa, ko ya yi gyaran murya. Yanzu muryar ta shaƙe, harshen ya yi nauyi, sai ya koma buga cokali a jikin kofin silba da hannun hagunsa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Ni kuma ga abin sauraro toshe a kunnuwana, ina jin sukuwar dawaki da ihun Mujahid.

Wata Talata na shiga wajensa bayan azahar, rabona da shi tun hantsi.

"Baba, ka buga ne?"

Ya daɗe yana haɗa maganar. "Na ga... kamar kana aiki. Je ka gama."

Da na juya shi na ga fatar ƙugunsa ta yi ja, faɗin tafin hannu. Na danna da yatsa, jan bai gushe ba. Na san abin da Sista ta faɗa. Na lakato mai na shafa, na ja riga na rufe, ban gaya wa kowa ba.

Bahijja ce take wanke zannuwan gado, ita ta fara gani. Ina daga ɗaki na jiyo ta a bakin rijiya.

"Inna, dubi nan. Wannan ba fitsari ba ne kawai, ruwan ciwo ne."

"Ke, rage murya."

"Tun safe Yaya bai leƙa shi ba. Ina jin cokalin nan har cikin raina."

"Yayanki neman aiki yake a kwamfutar nan," in ji Inna. "Kin san yanzu komai a can ake cikewa. So kike ya zauna haka har abada?"

"Neman aiki da haniniyar doki? Inna, gem ne fa."

"Na ce ki rufe mini baki. Namiji ne, bai saba ba. Da me zai ji, rashin aiki ko gorinki?"

Ranar Bahijja ta ɗaura zani ta shiga da bokitin ruwan ɗumi, ta ce ita za ta gyara shi. Baba ya damƙe bargo da hannunsa mai lafiya, ya kawar da kai wajen bango. "Ba ke ba," ya ce. Hawaye na gangara masa cikin kunne. Ta fito ta ajiye bokitin a ƙofata da ƙarfi har ruwan ya fallatsa, ta ce to a kira Baffa Kailani, ƙanen Baba da ke Tudun Jukun, ya riƙa zuwa yana taimakawa. Inna ta ce sam, ba za a tara mata dangi su ce ɗan Malam ya gaza da ubansa ba. Ina jin su duka. Abin kunyar, daɗi na ji da Inna ta hana.

Sai ga Asabar ɗin gasa. Mun kai wasan ƙarshe, ni da Mujahid, za mu kara da wasu mutum biyu da ba mu taɓa ci ba. Yaƙi uku ne, wanda ya ci biyu ya ɗauka. Na juya Baba da ƙarfe goma sha ɗaya, na ce masa yanzu zan dawo. Aka ci mu na farko, muka ci na biyu. A na uku mutanen suka yi wayo, suka jera masu mashi a gefe biyu suna jiran karusaina huɗu. Na janye su can bayan wani tudu na lafe, Mujahid yana ta ihu an kusa cinye shi, ina ce masa ya riƙe, ya riƙe.

A nan cokalin ya fara.

Ba zan ce ban ji ba. Kunne ɗaya na abin sauraron ya lalace tun ranar Alhamis, tsaf na ji shi. Ya buga uku ya tsaya. Ya sake buga uku. Daidai lokacin masu mashin hagu suka gaji da jira suka juya kan Mujahid, hanya ta buɗe. Na saki karusai. Suka ratsa maharba kamar an watsa tsakuwa cikin kaji, na fitar da su, na yi kwana, na dawo. Cokalin ya daina uku-uku, ya koma bugu ba tsayawa. Na ce a raina saura minti biyar. Na sake ratsawa. Can sai na ji ƙarar kofin ya faɗi ƙasa yana gangarawa, daga nan shiru.

Muka ci. Mujahid yana rantsuwa bai taɓa ganin irin wannan zagaye ba, yara suna ta turo saƙon jinjina. Ana kiran azahar na shiga ɗakin Baba.

Ya yi ƙoƙarin juya kansa da kansa. Rabin jikinsa ya zamo daga katifa, kafaɗarsa mai ciwo ta danne a ƙasa, fuskarsa a kan siminti. Ya ɓata jikinsa tun ban san yaushe ba. Da na ɗago shi zan cire rigar, sai na ji ta manne a ƙugunsa. Na ja a hankali, ta taho da fata.

Bai yi ƙara ba. Ya dube ni da idon nan nasa guda da yake buɗewa sosai, ya ce, "Ka yi haƙuri. Na ɓata maka wuri."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Mai karatu zai zaci daga ranar na shiryu. Kwana biyu na yi ban buɗe kwamfutar ba. Amma ciwon ya riga ya buɗe, kullum ƙara zurfi yake, ni kuma kallonsa ya fi ƙarfina, don duk sanda na ɗaga auduga aikina nake gani. Sai na koma shiga a gurguje, in sauya ƙunzugu, in liƙa sabuwar auduga a kan ta jiya, in fito ina haki. In na fito kuma ba inda hankalina yake kwanciya sai a filin nan da kowa yake ce mini Janar. Na san maganin abin, taku ashirin ne zuwa ƙofar Sista Beatrice. Tunanin yadda za ta dube ni shi ya hana ni takawa.

Ɗakin ya fara wari. Inna ba ta tambaye ni komai ba, sai ta sa Bahijja ta riƙa kai kaskon turaren wuta safe da yamma. Baba ya rage cin abinci, kuma na gane dalili: yana rage ci ne don ya rage ɓata jiki, don ya rage kirana. Kunu cokali uku, ya kawar da kai. Masu zuwa dubiya suna tsayawa daga bakin ƙofa, su ga an lulluɓe shi da bargo mai tsabta, su ce sannu Sharfaddeen, Allah ya biya.

Wata Lahadi Sista ta shigo bayan ta dawo daga coci, da 'yar jakarta ta aiki. Ta auna jinin Baba, ta taɓa goshinsa, ta ja hanci.

"Mama, turaren nan ya yi yawa. Malam, bari in duba bayanka."

"Lafiya lau," Baba ya ce. "Yaron... yana ƙoƙari."

Inna ta rarrafo bakin ƙofa. "Sista, kin san halin Malam. Can asibiti dole ce ta sa. Nan gida kuwa ke kamar 'ya kike a wurinsa, nauyinki yake ji."

Sista mace ce mai kara, shekara talatin tana zaune da mu lafiya, ba ta son ta keta. Ta ce to, za ta tsaya a ƙofa ta ba da baya, ni in duba in gaya mata. Na juya Baba na ɗaga audugar. Ramin ya isa a sa lemon tsami a ciki, gefensa ya yi baƙi.

"Akwai ja?" ta tambaya.

"Kaɗan."

"Fatar ta buɗe?"

Hannun hagun Baba ya kamo wuyan hannuna ya matse. Har yau ban san abin da yake nufi ba, ko in faɗa ne, ko in yi shiru. Na zaɓi wanda ya fi mini sauƙi.

"Ba ta buɗe ba."

"Madalla. Ci gaba da yadda kake yi."

Bahijja tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta ji komai. Ta buɗe baki, Inna ta harare ta, ta mayar ta rufe.

Kwana tara bayan haka zazzaɓi ya rufe shi. Inna ta ce na sauro ne, aka sayo magani a kemis. Ranar Juma'a da hantsi jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, yana ta sambatu, yana kiran sunayen mutanen da suka kawo masa ɗinki shekarun baya. Sai a lokacin na fita da gudu neman keke napep. Ina dawowa da mai keken, tun daga bakin layi na jiyo kukan Bahijja.

Ni da Baffa Kailani muka shiga wankan gawa. Dattijo ne marar hayaniya, ya wanke gawa ba adadi a unguwarsu. Ya haɗa ruwan da ganyen magarya, ya ce in riƙa zuba masa. Ya wanke gaba tsaf. Da muka kifa shi gefe, ya ga audugar, ya sa hannu ya ɓare. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, a kan juna. Da ya kai ta ƙarshe sai hannunsa ya tsaya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa don kada na waje su ji.

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata, Baffa."

"Kana ina?"

"Ina nan ɗakina."

"Kana me?"

Na so in ce neman aiki. Bakina ya ƙi, a gaban gawar. "Gem nake bugawa."

"Mene ne shi?"

"Wasa ne a kwamfuta. Na yaƙi."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "To ka ci yaƙin?"

Na ɗaga butar zan zuba ruwa. Ya karɓe ta ya wanke ramin da kansa, a hankali, kamar mai shi zai ji zafi. Ya cika shi da sabuwar auduga ya ɗaure da ƙyalle don kada ya ɓata likkafani. Da ya gama ya ce, "Abin da mai wanka ya gani amana ce, ba ya fita da shi. Ba zan gaya wa kowa ba har in mutu. Kada ka zaci don kai na yi."

Shi ya riƙe amanarsa. Ni ban ɗaukar wa kowa alkawari ba, shi ya sa nake rubutawa. Mu huɗu ne a gidan nan, kowa da hujjarsa mai kyau. Inna tana rufa wa ɗanta asiri, Bahijja tana bin maganar uwa, Baba yana jin kunyar 'yarsa da maƙwabciyarsa da ɗan farinsa. Duk kunyar nan da ake yaba mu da ita, ni ta yi wa rumfa na zauna a ƙarƙashi ina wasa. Kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne. In kun je dubiya kun tarar da tsoho a lulluɓe har wuya, ɗa yana tsaye yana amsa muku da ladabi, don Allah wani ya ɗaga bargon.

Ranar addu'ar uku, bayan maza sun watse, Baffa ya raka ni cikin gida in karɓi gaisuwar mata. Tsakar gidan cike, har bakin rijiya. Gwaggo Atika, yayar Baba, tsohuwa mai kusan tamanin, ta ce a matso mata da ni. Na durƙusa. Ta lalubo kaina ta dafa da hannu biyu, tana kuka.

"Jama'a ku shaida," ta ce. "Wata uku yaron nan yana ɗauke da ɗan'uwana, kashinsa da fitsarinsa, bai kira kowa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. 'Ya'yan yanzu wa zai yi? Ɗana, ba ni da abin ba ka sai addu'a. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka daidai abin da ka yi wa ubanka."

Tsakar gidan ta ɗauka gaba ɗaya, amin, amin. Daga bayana na ji muryar Baffa Kailani, a fili, ba gaggawa: "Amin."

Na ɗago ido na nemi Inna. Tana jikin bango cikin mayafin takaba, ta sa hannu ta toshe bakinta, tana girgiza kai a hankali. Ita kaɗai ce ba ta amsa ba.

Gwaggo ta girgiza kaina. "Kai, ba ka ji ba ne? Ka ce amin mana."

Mata sun yi tsit suna jirana. Na ce amin.